Ƴan Aiken Tahira

Tahira ba ta son maimaita aiki, tun tana ƙarama haka take. Da wata ƙungiyar manoman rani a Jiratawa ta ba su kwangilar gina shafin intanet na sabunta rajistar filaye, ita da Ya'u ɗan kawunta, sai ta ƙi zaman rubuta kowace formila daga tushe. Ta rubuta wasu ƴan guntayen umarni ta raɗa musu suna ƴan aike. Ka kira wannan ya kawo maka gurbin suna, ka kira wancan ya kawo gurbin lambar waya. Daɗin abin, in ka taɓa ɗan aike guda, duk formilolin shafin sun canza tare, ta fili da ta taki da ta ruwa.

Ya'u kuwa bakinsa ya fi hannunsa aiki. Shi ke zuwa taro, shi ke durƙusa wa manya. Ita ta zaunar da shi a shagonsu na unguwar Zariya ta koya masa dabarar, tana yi tana masa tsiya. Har sunanta ta sa a ƙasan shafin don alfahari, Allah ya shirye ta.

Shekarar zaɓe ce, gari ya rabu, ko gaisuwa sai an duba launin hularka. Tahira ta tafi Tsibiri jinyar mahaifiyarta. Da ta dawo ta tarar da Ya'u da sabon babur, ya kuma daina iya haɗa ido da ita. A ranar ta ji cewa an karɓe filin Baba Jibo, aminin marigayi babanta, wanda albasar filin nan ce ta kai ta lakol, wato makarantar boko. Wai na'ura ta ƙi karɓar rajistarsa har wa'adi ya cika.

Ta buɗe ordinata, kwamfutar aikinsu. Cikin ɗan aiken suna an ƙara layi guda: lambar katin jam'iyya, dole a cike. Baba Jibo bai taɓa yankar katin kowa ba.

Ya'u bai ko musa ba. Ya ce shugaban ƙungiya ne ya matsa, kuma kowa na neman na kansa. "Layi guda na hwa, Tahira. Ke kinka koya mini."

Wannan maganar ta fi komai yi mata ciwo, don gaskiya ce. Ta goge layin, amma gogewa ba ta dawo da fili ba.

Ta sami Baba Jibo a Jiratawa tsaye bakin magudanar ruwa, yana kallon wani na ba albasarsa ruwa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Mai biro, na ofishin ƙungiya, ya karanta mini sunan da ke ƙasan shafin," in ji shi. "Na ce mishi ƙarya ce, ɗiyata ba ta haka. Ke kinka gina shi?"

Bayani na cike da bakinta, har da sunan Ya'u, amma ba shi aka tambaye ta ba.

"Ni ce, Baba."

Ya jinjina kai. Tun tana yarinya bai taɓa sallamarta hannu wofi ba. Yau ma ya sunkuya don sabo zai tumɓuko mata albasa, sai ya tuna ta wani ce. Ya miƙe, ya shafa hannun a riga, ya ce ta gaida gida.