Tulin Inna Momina

"Sauke ni, Dabale. Buhun shinkafa ka mai da ni?"

Bai sauke ta ba sai a ƙofar bukka. Inna Momina ta zauna kan tabarma tana haki, ta rungume kwanonta da jakarta, tsakuwa na ƙara a ciki. Hasna, 'yar maƙwabtansu, tana tsaye bayan garken awaki da jarka a hannu, ta kasa gaba ta kasa baya.

"Gobe motar garin Obok za ta tashi," in ji Dabale, ɗanta da ya zo daga birni. "Daga can mu hau jirgin ruwa zuwa Jibuti. Na yi magana da likita."

"A gaishe shi."

"Inna, a kwance fa na tsince ki kan dutse. Mutane har cewa suke kin fara duba, kina zuba tsakuwa kina magana da sama."

"Wanda ya faɗa ya zo in duba masa ranar da zai yi hankali. Mikiya ba ta gama tsallakowa ba. In ta gama, ka kai ni ko'ina ne."

Duk ƙauyen an san aikin Inna. Tana goyon Dabale wasu Turawa suka kafa tanti a kan dutsen bayan gari, ita ke kai musu ruwa. Tsuntsaye suka zo ƙirgawa, waɗanda ke tsallako teku daga Yaman duk shekara idan zafi ya karye. Suka tafi da cewa za su dawo, har yau shiru. Ita kuwa ba ta fasa ba. Ba ta iya rubutu ba, sai ta yi nata tsarin: shaho ɗari, farar tsakuwa ɗaya a kwano, mikiya goma, baƙa ɗaya. Da yamma ta juye a tulin shekarar. Tuli talatin da takwas ne a jere a kan dutsen. Na farkon sun kai gwiwa, na baya-bayan nan da ƙyar suke wuce idon sawu.

Motar ta tafi babu ita. Rana na fitowa Hasna ta ji ana kiranta ta jikin tabarmar bukka.

"Ke mai leƙen mutane ta bayan awaki. Zo ki ara mini idonki."

Hasna ta daɗe da sanin Inna ta daina gani. Sati biyu ke nan ta ga shaho sun cika sama, Inna na kallon wani gefen, hannunta bai taɓa kwano ba. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ɗaura wa jaki tabarma, suka hau.

"Wanda ke kewaya kan ruwa bai zo ba tukuna," Inna ta ce, ta jingina da dutse, ƙafafunta sun kumbura. "Sai ya wuce kanmu, ya ba teku baya, sannan ki sa shi. Ungulun nan masu jiran kan kifi kuma 'yan gida ne, ba ruwanmu da su. A makaranta an koya muku ƙirga, ko sai Faransanci?"

"An koya mana, Inna."

"To buɗe baki. Ba na jin raɗa."

Kwana tara suna haka. Hasna na faɗa, Inna na jefa tsakuwa. Shaho suka yi ta raguwa, mikiya na zuwa ɗai-ɗai. Babban ayarin, wanda Inna ta ce shi ke rufe shekara, bai zo ba. Inna ta daina cin gurasa, sai shayi da madarar akuya.

Dabale ya tare Hasna a bakin rijiya.

"Ƙanwata, ki ce mata sun zo. Ki cika mata kwanon, ta rufe tulin nan, in samu in kai ta asibiti. Ke za ta yarda da ke."

Hasna ta dubi igiyar guga. Ta ja ruwanta ta tafi gida.

Washegari da hantsi sama fayau take, ko hankaka babu. Numfashin Inna na fita da ƙara.

"Ga su nan, Inna," Hasna ta ce. "Mikiya ce. Goma. Ashirin. Hamsin."

Inna ta jefa biyar. Hasna ta ci gaba har ɗari uku. Sai tsohuwar ta tsaya, ta lashi yatsa ta ɗaga.

"Iskar nan daga ina take?"

"Daga tudu."

"Shekara talatin da takwas ban ga mikiya ta tsallako iska na bugun ƙirjinta ba. Ba wawuya ba ce, ta san ruwa ne a ƙasanta." Ta kifar da kwanon, baƙar tsakuwa ta gangara. "Idona ne ya mutu, fuskata tana nan. Tulin nan ƙarami ne, na sani, na shafa shi. Gara ya tsaya ƙarami da a ce akwai ƙarya a ciki."

Hasna ta tsince tsakuwar ɗaya bayan ɗaya ta mayar jaka. Da suka sauko ta wuce kai tsaye inda Dabale ke zaune da masunta suna ɗinkin koma. Ba ta taɓa magana a gaban maza haka ba.

"Yaya, na yi abin da ka ce, ta kama ni. Ba zan ƙara ba. Jakin ma ba ta iya zama a kansa yanzu. In kana son yi mata wani abu, ka goya ta."

Wani tsohon masunci ya yi dariya. "Ashe 'yar nan tana da murya."

Dabale bai yi dariya ba. Da safe ya durƙusa a ƙofar bukka ya ba uwarsa baya.

"Buhun shinkafa ya shirya," Inna ta ce, ta kama wuyansa.

Kwana uku yana hawa da ita yana saukowa. Iska ba ta juya ba. A rana ta huɗu ya shiga ɗaukarta bayan shayin safe, ya fito shi kaɗai, ya zauna a ƙasa.

Mata suka yi mata wanka. Da maza suka ɗauki makara suka nufi bayan rijiya, Hasna ta ji gefen mayafinta ya tashi ya rufe mata fuska. Daga teku iskar take. Ta shiga bukkar, ta ɗauki kwanon.

"Ina za ki?" uwarta ta riƙe mata hannu. "Ana zaman makoki? Me mutane za su ce?"

"Su ce duba nake."

Tana kaiwa kan dutsen ta ga ayarin mikiya, can kan ruwa, baƙi-baƙi, layi bayan layi, ba sa ko kaɗa fiffike. Ta bar su suka wuce kanta, suka ba teku baya.

"Goma," ta ce da ƙarfi, ta jefa tsakuwa.

Har la'asar tana nan. Sau uku ta cika kwanon ta juye. Ta durƙusa ta gwada tulin bana da na bara: saura yatsa biyu ya kamo shi. Baƙar tsakuwa na nan birjik a gefen ƙafarta. Ta kife kwanon a kan tulin, ta zauna tana kallon ruwa.