Allurar da Ba Ruwa a Cikinta

Shekara talatin da huɗu na yi ina yi wa mutane allura. Na yi wa jarirai, na yi wa sojoji, na taɓa samun wani ƙaton ɗan sanda da ya ga sirinji ya ce in bari ya zagaya bayi, bai dawo ba sai washegari. Duk faɗin unguwar Romi idan ka ce Sista Scholastica za a nuna maka gidanmu, ko da yake shekara shida ke nan da na yi ritaya. To, mace irina ce za a zo a ce wa wai akwai allurar da ba ruwan magani a cikinta, kuma tana rage ciwo? Da 'yarmu Damaris ta faɗa mini haka a waya daga Abuja, dariya na yi har sai da na ajiye wayar a cinya.

Sai dai abin da ke gabanmu ba na dariya ba ne. Mijina Ezekiel ya fi shekara ashirin yana tsaye gaban injin saƙa a wata masaƙa ta Kakuri kafin a rufe ta. Masaƙar ta tafi, ciwon baya ya zauna. Tun da na bar aiki na zama likitarsa. Duk safiyar da ya tashi yana dafa bango, sai in wanke hannu, in fasa kwalbar maganin kashe zafi, in zuƙa, in ce ya juya. Bayan minti ashirin in tambaye shi, ya ce, "Ya sauka, Maman Damaris. Hannunki daban ne." Ni kuwa kaina ya ƙara girma.

Sai ƙafafunsa suka fara kumbura. Aka yi gwajin jini, likita ya cire tabarau ya dube ni, yaron da na girme shi a aiki nesa ba kusa ba, ya ce ƙodar maigida ta fara gajiya, kuma allurar nan ce ke cin ta. "Ko guda ɗaya kada a ƙara, Sista. In aka ci gaba, maganar wankin ƙoda za mu koma yi." Allah ya sani na san wannan tun ina makarantar koyon aikin nas. Amma idan mutum yana ce maka ya ji sauƙi, sai ka manta da abin da ke cikin littafi.

Mako uku muka yi ba allura. Ko zaman coci ya gagare shi, sai ya fita ya jingina da bishiyar mangwaro har a tashi. Dole mu samo abin da zai rage masa ciwon ba tare da ya taɓa ƙodar ba. Shi ya sa da Damaris ta sake bugowa ta ce ta samo mai allurar 'yan China a Barnawa, akupanca ta kira ta, ban yi dariya ba. Na ce za mu je, amma da idona biyu.

Ɗakuna biyu ne a bayan wani kantin sayar da labule. Na zaci zan tarar da ɗan China, sai ga wata doguwar mace da ba za ta wuce talatin da biyar ba, Adaeze, haifaffiyar Kakuri, babanta kayan mota yake sayarwa. Aikin gashin ƙashi ta karanta, sannan ta je China ta yi shekara biyu. Hausarta ta fi ta Damaris.

Ta dubi maigida ta ce, "Baba, tun yaushe ciwon?"

"Shekara tara," na ce.

"A ina ya fi tsanani?"

"Kugu, gefen dama," na ce.

Ta dube ni, ta yi murmushi, ta rubuta. Ta ce ya fito da harshe, ta ƙare masa kallo. Ta riƙe wuyan hannunsa na dama, sannan na hagu. Ni idan zan ji bugun jini agogo nake kallo, ita kuwa ido ta rufe kamar mai sauraron rediyo. Sai ta yage wata 'yar leda ta zaro allurar. Siririya ce, da kaɗan ta fi gashin kai kauri.

Na ce, "Tsaya, 'yata. Ba ni in gani."

Na ɗaga ta wajen hasken taga, na juya ta gaba da baya.

"Ina ramin?"

"Ba ta da rami, Mama."

"To ta ina maganin zai bi?"

"Ai ba magani."

"An jiƙa ta cikin wani abu ke nan."

"Ko kaɗan. Ƙarfe ne zalla. Riƙe wannan ki tafi da ita, tunda kin taɓa ta ba zan yi aiki da ita ba."

Wannan ya ɗan burge ni, amma ban nuna ba. Na tambaye ta me ƙarfe zalla zai yi wa ciwon shekara tara. Ta ce malamanta na can suna cewa akwai hanyoyi a jikin mutum da suke toshewa, allurar ce ke buɗe su. Masu bincike kuma suna cewa jijiyoyi ake zungura, sai jiki ya saki nasa maganin. "Ni dai abin da idona ya gani, wasu suna samun sauƙi, wasu ba sa samu. Ƙoda kuwa ba ruwana da ita, wannan aikin likitansa ne, kada ku fasa zuwa."

Ezekiel ya kwanta rub da ciki a kan gado mai rami wajen fuska. Ta dinga dasa su tana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa: shida a baya, biyu a bayan gwiwa, har da idon sawu. Na ce ciwo yana kugu, ke me ya kai ki ƙafa? Ta ce a can ma ake kama shi. Ko motsi Ezekiel bai yi ba, mutumin da idan na soke shi sai ya kira sunan Yesu. Minti ashirin da biyar yana kwance, ni ina zagaye gadon, ina leƙen ko zan ga wani abu yana fita ko yana shiga. Ban ga komai ba.

A gida ban bar allurar nan ta huta ba. Na sa tabarau biyu, nawa da nasa, na duba ta. Na hura ta. Na tsoma ta cikin kofin ruwa na bar ta awa guda, ruwa bai canza launi ba. Na lasa, ƙarfe ne. Daga ƙarshe na goge ta da sifirit na soka wa kaina tsakanin babban yatsa da manuni. Ba zafi, sai wani nauyi-nauyi da ya ratsa har gwiwar hannu. A haka maƙwabciyata Lizzy ta shigo aron turmi, ta gan ni zaune da ƙarfe a hannu ina saurarensa, ta koma da baya ba ta ɗauki turmin ba.

Na tambayi maigida yaya ya ji. Ya ce, "Ya sauka." Gaskiya sai da na ji kishi. Ashe har allura marar ruwa ma ana gaya mata abin da ake gaya mini.

Zuwa na biyu haka aka yi. A na uku, muna shiga Adaeze ta ce, "Mama, yau ki ɗan sha iska a waje, abeg. Duk tambayar da na yi wa Baba, fuskarki yake kallo kafin ya buɗe baki."

Na fita ba musu, har ta yi mamaki. Ba ta san abin da ke raina ba. Na ce yawwa, yau za a fito da ainihin maganin, shi ya sa ake kora ta. Katako ne ya raba ɗakin da inda ake jira, kuma bai kai silin ba. Na ja kujera na manna kunne. So nake in ji ƙarar fasa kwalba, ko in shaƙi warin wani abu da na sani.

Na ji ƙarar yage leda, na ji tana ƙwanƙwasawa. Can ta ce, "Baba, ni ba za ka ɓata mini rai ba idan ka ce bai yi aiki ba. Amma idan ka ce ya sauka alhali yana nan, zan yi ta soka inda ba nan ba ne, kai ka sha wahala a banza. Sau biyu kana ce mini ya sauka, kuma ina kallon yadda kake hawa gadon nan."

Sannan na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, daga cikin ramin gadon.

"Na saba ne, 'yata."

"Ka saba da me?"

"Da cewa ya sauka."

"Allurar da Mama take yi maka fa, tana saukar da shi?"

"Da can tana yi. Ta kai shekara biyu da dainawa."

"Shekara biyu! Kuma kana juyawa ana soka maka?"

"Ke ba ki ga matar nan ba lokacin da ta bar aiki. Mace mai surutu ta koma zama a bakin ƙofa tana kallon masu keke napep. Abinci ma sai na yi faɗa. Amma ranar da za ta yi mini allura, tun daga wajen wanke hannu take waƙa. Ta sa tabarau, ta yi mini tsawa kamar tana ɗakin marasa lafiya. Wunin ranar mutum ce. To ni zan buɗe baki in ce mata hannunta ya daina aiki?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Kunya ta kama ni, haushi ya kama ni, tsoro kuma ya fi su duka. Na ƙirga a raina, sau biyu ko uku a mako, shekara biyu. Allura sama da ɗari biyu na zuba wa ƙodar mijina, ina waƙa.

Na tura ƙofar. Adaeze ta kalle ni sau ɗaya, ta ajiye audugar hannunta, ta ce za ta je ta dubo wani abu a kanti, ta ja mana ƙofa.

Yana kwance, allurai goma sha biyu a jikinsa, ba halin juyawa, ba halin gudu. Ta ramin gadon takalmana kawai yake gani. Ya gane su.

"Maman Damaris?"

Da gwiwoyina na tsufa na durƙusa, na zauna dirshan a ƙasa, na leƙa ƙarƙashin gadon don in ga fuskarsa. Ramin ya matse masa kumatu, idanunsa sun yi zuru-zuru.

"Ezekiel," na ce, sunan da rabona da kiransa a gabansa tun kafin a haifi Damaris. "Kai mahaukacin ina ne? Ka san abin da allurar nan take yi wa ƙoda?"

"Na taɓa jin kin gaya wa Lizzy."

"Ka sani, ka yi shiru?"

"Ƙoda ai biyu ce da ni. Ke kuwa ɗaya ce."

Na so in kai masa duka, ba wurin duka, ko'ina ƙarfe. Na so in rungume shi, nan ma ba hali. Sai na fashe da kuka a ƙarƙashin gadon mutane, irin kukan da ban yi ba ko ranar da aka sallame ni daga aiki. Ya ɗan motsa hannu, na daka masa tsawa ya kwanta kada ya karya wa yarinya allura.

Da na samu numfashi, na share fuska da bakin zani. Na ce, "To ita wannan marar ruwan fa? Kada ka yi mata irin tawa. Gaskiya nake so, ko ba daɗi."

Ya rufe ido, ya daɗe yana sauraron jikinsa.

"Kugun ya ɗan lafa, ba duka ba. Jiya na sa takalmi da kaina. Amma ba dama ba ne, Scholastica, hagu ne. Tun bara ya koma hagu. Yana bin bayan cinya, ya sauka har ɗan yatsan ƙafa, kamar an zuba ruwan zafi."

Hagu. Ni ce na ce wa Adaeze dama, ta rubuta a kati, da bakina.

Na gyara zama a kan simintin, na matso da fuskata kusa da tasa.

"Fara daga farko," na ce. "A hankali. Ba zan katse ka ba."