Sulen da Profira Ta Zaɓa

Nichifor Boboc bai yi aure ba, ba ya shan giya, ba ya zuwa kallon ƙwallo. Azurfa ya sa a gaba. Shekara talatin da ɗaya yana bayan kanta a gidan waya na garinmu yana buga hatimi, abin da ya rage a albashinsa kuma ya zuba shi a sulallan azurfa, irin waɗanda ba a cefane da su, masu nauyin oza ɗaya-ɗaya. A cikinsu ma ba kowanne ke shiga ransa ba sai jerin tunawa, wanda gidajen buga kuɗi ke fitarwa idan wani sulensu ya cika shekara goma ko ashirin ana buga shi. Akwatin katako ne, da takarda mai lamba, kowane sule a kwance cikin kwanson roba a raminsa. Jeri ana ƙaunarsa ne a cike. Ka cire ɗaya, sauran sun koma ƙarfe kawai, sai a ɗora su a sikeli.

Yana da akwatuna goma sha huɗu, amma na shamuwa shi ne ransa. Sulalla biyar ne na cikar shekara ashirin da biyar, daga wata ƙasa ta arewa, kuma wata bakwai ya yi yana jira kafin nasa ya iso. Bai taɓa sa musu hannu tsirara ba. Ko kwanson zai ɗauka sai ya sa safar hannu ta auduga, ya kau da baki gefe kada numfashinsa ya sauka a kai.

A sanyin ƙarshe na rayuwarta, uwarsa Profira ta baro ƙauye ta dawo wajensa, a hawa na uku, ƙafafunta sun kumbura. Wata Lahadi da rana ya fito da akwatunan ya jera a tebur kusa da taga, tana zaune tana kallo. Da ya buɗe na shamuwa ta matso da kujera, ta daɗe tana dubawa, sannan ta nuna na tsakiya, wanda tsuntsuwar ke tsaye da ƙafa ɗaya a kan sheƙa. Ta ce wannan zai ɗaura mata a hannu ranar da za a fitar da ita.

Kowa a wajenmu ya san abin da take nufi. Ba a binne mutum hannu wofi. Kwana arba'in rai ke yi a hanya, akwai shingaye a gaba, a kowanne ana tsayar da shi, shi ya sa ake ƙulle kuɗi a farin hankici a ɗaura a yatsan mamaci. Nichifor ya yi 'yar dariya, ya fara yi mata bayanin jeri da lamba da takarda, da yadda biyar ɗin ke tafiya tare.

"Ni ma biyar na haifa," in ji ta. "Uku na binne da hannuna. Ban ji wanda ya zo ya ce a ɗora ragowar a sikeli ba."

Ta ce duk rayuwarta ba ta taɓa riƙe azurfa ba, ko zoben aurenta tagulla ne, ba ta son ta isa can ana yi mata kallon da aka saba yi mata a nan. Ya ce, "To, Mama." Da bakinsa ya faɗa, babu wanda ya tilasta shi.

Ta rasu a makon farko na azumin coci. Aka kai ta ƙauye, mata suka yi mata wanka, yayarsa Tudora ta leƙo ta tambaye shi kuɗin hannu, don ita ma ta san da alkawarin. Ya ce shi zai ɗaura da kansa. Ya shiga da hankici a ƙulle tamau, ya ɗaura a yatsan uwarsa, ya gyara furanni a kai. Abin da ke ciki ƙaramin kuɗin ƙasarmu ne da ake kira bani hamsin, ƙwandalar tagulla irin wadda ake ba mutum canji a gidan burodi. Na tsakiya na can gida a raminsa. A hanyar maƙabarta ya yi ta gaya wa kansa cewa al'ada kuɗi ta ce, ba ta ce azurfa ba, kuma ƙasa ba ta san bambanci ba.

Bayan sadakar kwana tara ya dawo gari, ya buɗe akwatin don ya ɗan ji sanyi a ransa. A fuskar na tsakiya, gefen wuyan shamuwa, akwai wani ɗan duhu kamar inuwar hayaƙi. Ya goge kwanson. Duhun a ciki yake. Kwana shida bayan haka ya fito da layi-layi, ya ɗauko gilashin ƙara girma ya duba a hasken taga. Zanen babban yatsa ne, cikakke, kuma wani layi ya ratsa shi a karkace daga sama zuwa ƙasa. Profira tana budurwa lauje ya tsaga mata babban yatsan dama. Ya san tabon nan tun yana tsotso.

Washegari ya ɗauki hutu, ya hau mota zuwa birnin Craiova, shagon Zamfir, wanda shekara ashirin yake sayen azurfa a hannunsa. Zamfir mutum ne mai tumbi da baki. Ya maƙala gilashi a ido, ya duba, ya kwashe da dariya.

"Kai ma, Sarkin Safa? Kai da ke gaisawa da mutane da gwiwar hannu?"

Nichifor ya rantse bai taɓa ba. Zamfir ya ce to wani ya taɓa. Ya ce azurfa riƙo gare ta fiye da surukar shi Zamfir ɗin, ka taɓa ta yau ta yi maka shiru, sai bayan wata uku ko shekara ta fito da shaidarka a fili, gumin yatsa ne ke cin ƙarfen a hankali. Ya tambaye shi wa yake bari a gida idan ya tafi aiki. Zuciyar Nichifor ta kama wannan bayani da hannu biyu: watakila tsohuwar ta buɗe ta shafa yana wurin aiki. Sai dai makullin kabad ɗin da yake kulle akwatunan a aljihunsa yake kwana, kuma a watanninta na ƙarshe ko murfin kwalbar magani shi ke buɗe mata.

Zamfir ya shiga ciki, ya tsoma sulen a ruwan wankin azurfa, ya ɗauraye, ya busar, ya mayar cikin sabon kwanso. Sulen ya fito fes. Ya ce kada ya ƙara kawo masa, wanki biyu na kashe ƙyallin sule.

Kwana uku zanen ya dawo, ya fi na da baƙi. Nichifor ya juya kwanson. A bayan sulen, daidai saitin na gaba, wani zanen ya fara fitowa, ƙarami, na yatsa manuni. Ya riƙe abin a haske, ya gwada da nasa yatsun a iska, babba a sama, manuni a ƙasa. Haka mutum ke yi idan zai ɗauki sule daga tebur. Ya mayar da shi, ya kulle kabad, ya fita ya zauna a bencin ƙofar gida har masu sayar da albasa suka tashi.

Ranar kwana talatin Tudora ta zo gari sayen kyandir da tawul na sadakar arba'in, ta hau wajensa shan kofi. Ba ta cire gyale ba. Ta ce sau uku ke nan tana mafarkin Mama, kuma mafarkin ɗaya ne: wani wuri kamar mararrabar jirgin ƙasa, an sauke sanda, mutane na miƙa abu ana ɗaga musu suna wucewa, ita kuwa Mama tana gefe a tsaye da kayan da aka binne ta da su, tana ƙoƙarin kwance hankici da haƙori.

"Nichi, dube ni. Me ka ɗaura mata?"

"Abin da ta ce, Yaya."

"Buɗe mini akwatin in gani."

Ya ce makullin na wurin aiki. Tudora ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da take masa tun yana satar tuffa a lambun maƙwabta. Ba ta matsa ba. Ta ce ita ba ta zo shari'a ba, amma ya sani har ranar arba'in hanya a buɗe take. Duk abin da aka manta ba a ba mamaci ba, ana iya miƙa shi ta saman kabari ga wani mai rai, ya karɓa da sunanta, ya isa gare ta. Tsohuwa Voica, wadda ke ɗebo wa Mama ruwan sadaka kullum safe tana kai wa gidajen maƙwabta, ita za ta tsaya a ɗaya gefen kabarin. Daga ranar nan kuma an rufe. Ta ajiye kofin ba ta sha ba, ta tafi.

Kwana goma ya samu. Da wani bawan Allah ne, da ya gode ya buɗe akwati. Nichifor kuwa ya koma Craiova ya sayi shamuwa ta gama-gari, wadda ake bugawa dubu ɗari-ɗari kowace shekara. Oza ɗaya ce ita ma, azurfa ce tsantsa, tsuntsuwar ma ɗaya ce, sai dai tana tashi ne ba a tsaye take ba. Ya ce a ransa masu tsaron shinge nauyi suke dubawa, ba sa karanta takarda. Duk da haka, da safen arba'in, ya riga ya sa takalmi ya kai ƙofa, ya dawo ya ciro na tsakiya da kwansonsa ya sa a aljihun hagu. Sabon yana aljihun dama.

An taru a maƙabarta wajen ƙarfe goma. Fada, limamin coci, ya yi addu'a, ya zuba ruwan inabi a kan kabarin, aka ɗaga farantin dafaffiyar alkama ana rera waƙar tunawa, kowa ya dafa kafaɗar na gabansa. Tudora ta fara miƙa kaya ta saman kabari, tawul, burodi, kaza mai rai, Voica na karɓa tana sa albarka. Sannan ta ja gefe ta dubi ƙanenta.

Ya tsaya hannu biyu a aljihu. Na hagu sanyi yake kamar an ciro shi daga rijiya, har cinyarsa ta ɗauka. Ya tuna ramin da zai bari a tsakiyar akwatin, baƙin rami a cikin jan karan-miski, wanda zai riƙa gani duk Lahadi. Hannun dama ne ya fito.

Voica ta karɓa, ta jinjina shi a tafin hannu. Ba ta dubi sulen ba, shi ta duba.

"Wannan ne ta ce, ɗana?"

"Shi ne, Inna."

A kan kabarin uwarsa ya faɗa, a gaban Fada. Tsohuwar ta ce Allah ya karɓa, ta jefa a aljihun zaninta. Aka tafi cin abinci, ya ci kabeji da wake, har ya yi ƙari.

Washegari da safe ya ciro na tsakiya zai mayar raminsa, ya kai shi taga ya duba. Babu komai. Gaba fes, baya fes, ko ɗigo. Wankin Zamfir ma bai kai shi haka ba, kamar yau aka buge shi. Daɗi ya kama shi, ya ɗora kofi a wuta, yana cewa an karɓa, an wuce wurin. Kafin kofin ya tafasa daɗin ya tafi. Wanda aka biya yakan daina nema, wanda ya fid da rai ma yakan daina. Ya kashe wutar, ya ɓalle kwanson da farce, ya damƙe sulen da hannu tsirara, ya bi motar ƙarfe tara zuwa ƙauye.

Ya samu Voica a bakin rijiyarta tana kife bokitai. Ya buɗe tafin hannu, ya gaya mata gaskiya duka, ya ce su koma maƙabarta yanzu ta karɓa. Ta goge hannu a zani, amma ba ta miƙo ba. Ta ce ta ɗebo wa matattu ruwa sun fi sittin, kuma kowannensu a rana ta ƙarshe bokitin yakan yi sauƙi a kafaɗa, kamar wani ya kama mata. Na Profira jiya har ta sauke nauyinsa bai ragu ba.

"To ba ta wuce ba ke nan?"

"Ban sani ba. Ni ruwa nake ɗeba."

"Ki karɓa dai, Inna. Ko yanzu ne."

"In karɓa in miƙa wa wa? Jiya tana tsaye tana jira. Yau babu kowa a wurin."

Ta shiga ta kawo masa ɗayan, ta ajiye a kan bakin rijiya, ta ce ya tafi da shi, ba ta son ya ƙara kwana a ɗakinta.

Ya dawo gari da na tsakiya a dunƙule cikin hannunsa, tafiyar awa guda, gumi har yana bin wuyan hannu. Bai goge shi ba. Ya danna babban yatsansa a fuskar shamuwa da ƙarfi, ya mayar da shi rami ba kwanso, ya zauna jiran zanensa ya fito, ko don a ce akwai abin da ya ɓaci. Wata uku suka wuce, shekara ta zagayo. Sauran huɗun sun fara ɗan rawaya a baki-baki, kamar yadda azurfa ke yi idan ta kwana biyu. Na tsakiya bai ɗauki komai ba.

Jerin na nan a cike. Zamfir ya taɓa aiko masa da wani ɗan Bucureşti mai nema, Nichifor ya ce ba na sayarwa ba ne. Tudora takan gaishe shi idan sun haɗu a coci, amma ba ta ƙara hawa benensa ba, kuma da ya daure ya tambaye ta ko Mama na zuwa mata, ta ce tun ranar arba'in barcinta wofi ne.