Kwalba Huɗu na Ruwan Gishiri

A shekarar da sojoji suka sake yin bore a Bangui, babban birnin ƙasar, Alhasan ne mai kula da jini a wani ƙaramin asibiti da ke bayan Titin Koudoukou. Mutum ne mai tsantseni, ko allura bai taɓa ɗauka ba. Amma da amai da gudawa suka kwantar da mahaifiyarsa Iyatu a unguwar Yakité, hanyoyi kuma duk a rufe, sai ya zura kwalba huɗu na ruwan gishirin ƙarin ruwa a jaka, na ƙarshe da suka rage a asibitin, ya bi lungu ya je ya ƙara mata. Tsohuwa ta miƙe har tana faɗan an cika mata yaji a miya.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Mahmudu mai shagon atamfa ya shigo a guje da 'yarsa Hanifa, mai shekara shida. Ɓarɓashin harsashi ya shige ta dab da zuciya. Babu jinin da za a ƙara mata, don haka likita ya kwashi nata da ya taru a ƙirji, ya miƙa wa Alhasan ya tace, ya wanke da ruwan gishiri a mayar mata.

Kwalaben ruwan sukari kaɗai ne a kan kantar magani. Alhasan ya san bambancin sarai, shi da yake koya wa wasu: na gishiri yana barin jini lafiya, na sukari yana sa shi ya dunƙule ya lalace. Faɗin gaskiya na nufin faɗin inda kwalaben suka tafi. Kunya ta rufe masa baki, ya ce wa ransa sau ɗaya ba zai yi komai ba. Ya wanke da na sukari.

Hanifa ta cika kafin la'asar. Likita ya ce raunin ne ya yi yawa, wataƙila ma gaskiyarsa ne. Wannan wataƙilar ita ta fi cin Alhasan, domin babu wanda zai taɓa raba masa gardama.

A maƙabarta ya raɓe can baya, amma Mahmudu ya ratso mutane ya kamo hannunsa.

"Malam Alhasan, 'yan'uwana duk suna Maraɗi. Kai ka tsaya mata kamar 'yarka. Sauka kabarin ka karɓe ta mu kwantar."

Alhasan ya matsa bakin kabarin. Ya tuɓe takalmansa ya sauka, aka miƙo masa ita. Ba ta da nauyi ko kaɗan.