Bandakunan Baffa

A gidan Baffa, wan marigayi mijina, bandaki ya kusa fin kujera yawa. Falo da nasa, ɗakin cin abinci da nasa, har gareji ba a bar shi haka ba. Dangi kuwa sai yabo, wai ka ga mutum mai tsari. Ni dai na ɗauka iyayi ne irin na wanda duniya ta yi wa daɗi.

Autata tana shekarar farko a jami'a ciwo ya kama ta. Murɗar ciki, gudawa har da jini, ga rama, siket sai da fil yake tsayawa. Ta daina shiga aji don kunyar fita da gudu ana tsakiyar lacca. An ba ta maganin tsutsa, na taifot, na gyambon ciki, duk a banza. Da muka samu likitan hanji, ya ce yana zargin wani kumburin hanji mai lafawa ya dawo, wanda kan bi jini a wasu gidaje. Ba kowa ke gadonsa ba, amma in akwai mai shi a dangi, zai san inda zai fara nema, a daina wahalar da yarinya.

Na bi dangina kaf. Mu hawan jini ne gadonmu, kuma ba ma ɓoye shi. Sai na nufi gidan Baffa. Ya saurare ni yana kaɗa mukullin mota, ƙanwarsa Gwaggo na gefe tana taɓe baki.

"Jininmu ba ya ɗaukar irin wannan ƙazanta," in ji shi. "Ki duba can wajenku."

Gwaggo ta ɗora da cewa girkina ne ya lalata wa yarinya ciki. Sai ka ce su daga sama aka sauko da su. Baffan da bai taɓa zama har ƙarshen taro ba, wai uzuri, mai yawo da abincinsa a kula duk inda ya je, wai tsabta. Na fito raina a ɓace, na gaya wa likita babu.

Haka aka ci gaba da lalube. Auta ta rasa shekarar karatunta, ta yi kwanciyar asibiti, kafin a leƙa hanjin da kyamara a tabbatar. Aka tura mu sashen da ake yi wa masu ciwon ƙarin magani ta jijiya.

Doguwar baranda ce, bencuna a jere, kowa riƙe da katinsa. Can ƙarshe wani ya rufe fuska da jarida. Takalmin na gane, don duk dangi babu mai goge takalmi haka sai Baffa. Na ja Auta muka zauna kusa da shi. Ya sauke jaridar, ya gyara murya, ya ce wani abokinsa ya zo dubawa.

"Allah ya ba abokin lafiya, Yaya," na ce. "Ashe a hannunka ake ɗaura masa ruwan."

Ya ja hannun riga ya rufe filastar. Bai ankara ba wata nas ta wuce ta gaishe shi, ta ce kujerarsa ta kullum na nan a bakin taga.

Sai cikin Auta ya murɗa. Ta miƙe tana dafe da shi, ta dubi layin da ke ƙofar bandaki, idonta ya cika da hawaye.

"Kada ki bi layin nan, 'yata," in ji Baffa ƙasa-ƙasa. "Bi bayan matakala, akwai wani a hagu. Ba kowa ya san da shi ba."

Ta tafi da sauri. Na tambaye shi tun yaushe yake fama da ciwon. Ya daɗe yana kallon takalminsa kafin ya ce tun ba a haife ta ba.

Ban taɓa raina mutum kamar ranar ba. Na ɗauke jakata daga kusa da shi, na koma wani benci na jira 'yata.