Fiffiken Dama

Na narkar da fiffiken jirgin Baba. Na dama. Ba wanda ya sa ni, kuma ba zan laɓe a bayan tsautsayi ba. Taurin kaina ne, da hannuna na yi.

Ba jirgin gaske ba ne. Na roba ne, irin wanda yake zuwa gunduwa-gunduwa a cikin kwali, mutum ya zauna ya harhaɗa. Samfurin wani jirgin yaƙi ne na zamanin yaƙin duniya, mai farfela ɗaya a hanci da kujerar mutum ɗaya. Ko an gama shi tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba.

Baba ya yi shekara talatin da biyar yana zuba wa jirage mai a filin jirgi, bai taɓa hawa ko ɗaya ba. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya ya shigo da kwalin nan, ya nuna mini hoton da ke jiki, ya ce ranar da na ci jarrabawar fita firamare za mu buɗe mu haɗa tare. Ya ɗora shi a kan kabad. Ban ci jarrabawar ba, domin ban je ba. Ranar ina wani gareji a bakin titi ina koyon buga ƙarfe. Tun daga ranar Baba ya ajiye sunana, Guduma yake ce mini. Kwalin kuwa ya zauna a kan kabad shekara talatin da takwas.

Yau ina da garejin kaina. Ina miƙe jikin mota, ina yi mata fenti. In na gama da ƙofar da tirela ta take, mai motar sai ya zagaya sau biyu yana neman inda aka buga. Baba bai taɓa taka garejin ba.

Bara hawan jini ya buge shi, ya shanye masa hannun dama. Likita ya faɗa mana gaskiya: hannun bai mutu ba, amma in aka yi wata shida ba a motsa shi, yatsun za su sandare, shi ke nan. Ya ba da wata 'yar ƙwallon roba a riƙa matsawa.

Baba ya cilla ta ƙarƙashin gado. Ya ce, "Ni mage ce da za a ba ni ƙwallo?"

Ya juya wa bango fuska. Wata biyu suka tafi a haka, hannun yana kwance a kan cinyarsa kamar na aro.

Yayata ce take jinyarsa. Rannan tana kakkaɓe kabad, kwalin ya faɗo, ƙura ta tashi. Ta ce, "Wannan tarkacen dai yau sai bola."

Baba ya ce, "Kawo nan."

Da na zo gaishe shi da yamma na tarar da shi zaune, karo na farko, kwalin a kan gwiwa. Yana ta kokawa da murfin da hannun hagu. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Guduma, ka ci jarrabawar?"

Na ce, "Ban ci ba, Baba."

"To, na gaji da jira. Buɗe."

Ciki akwai rassan roba guda uku masu ruwan toka, kowane gutsure a maƙale da lambarsa, da murfin kan matuƙi garai kamar gilashi, da takardar tamburan da ake manna wa jirgin, ta yi rawaya, da wata doguwar takarda mai zane-zane da rubutun Turawa. Gam ɗin ciki ya bushe ya zama dutse, sai da na zagaya shagunan kayan makaranta na samo irinsa.

Haka muka fara. Kullum ƙarfe huɗu sai in rufe gareji, in zo mu shimfiɗa jarida a kan teburin ɗakinsa. Shi ne mai karanta takarda, ni ne mai yanka da reza. Sai ya ce, "Lamba tara. A'a, wannan shida ce, ka juya ta, kai." Yaya tana daga bakin ƙofa tana dariya, wai gemu ya yi furfura an dawo aji ɗaya. Ni kuwa idona yana kan wani abu: in na sa gam, dole a matse gutsure biyun har su kama, kuma Baba ba ya yarda ni in matse. Ya ce yatsuna irin na tono ne. Da hagu ya fara. Ranar da muka haɗa gangar jikin, hagu ta kasa ita kaɗai, sai ya ɗago hannun dama da kansa ya tokare. Yatsa biyu suka lanƙwasa. Na gani, Yaya ta gani, dukkanmu muka yi kamar ba mu gani ba, don mun san halinsa.

Sati uku muna wannan. Ya zama yana riƙe takardar goge da hannun dama yana goge bakin haɗi, yana yi yana gumi, yana zagin hannun.

Sai maganar fenti ta taso. Baba ya ce takarda ta faɗi irin fentin da za a sa, a nemo shi, a shafa da ɗan buroshi.

Na ce, "Buroshi? Baba, shekarata talatin ina fenti. Wannan fagena ne. Takarda ba za ta koya mini fenti ba."

Ya ce, "Bari in karanta maka abin da ta ce."

Na ce, "Bar ta ta huta."

Gaskiyar magana, so nake sau ɗaya a duniya ya ga aikina ya ce ya yi. Na ɗauki fiffiken dama, wanda muka riga muka manne sama da ƙasansa, na ce gobe zai ga abin mamaki. Ya kuwa gani.

A gareji na dama fentin shafin farko irin na mota, na tsinka shi da tina, wato ruwan nan mai kaifin wari da muke sirka fenti da shi. Na fesa. Ban kai ga ajiye bindigar fesawar ba na ga fatar fiffiken tana yamutsewa. Da mota ce, abin da ake yi sananne ne: ka jiƙa tsumma da tina ka goge, ka sake. Hannuna bai tsaya ya tambayi kaina ba. Na goge. Tsumman ya taho da robar, tana bin sa kamar cingam. Don in ƙara wa Borno dawaki, a'a, don in ƙarasa ɓarnar, na ɗora shi a kan bonet a rana wai ya bushe. Da na dawo ya nannaɗe kamar busasshen ganye.

Na daɗe a tsaye. Mutumin da ya buga ƙarfe shekara talatin, ga shi gutsuren roba ya gagare shi.

Ban ɓoye ba. Na kai masa a tafin hannu. Baba ya duba. Ya jawo takardar, ya sa yatsa a kan wani layi da aka ja wa ƙasa, ya karanta da Turanci, sannan ya fassara mini a hankali kamar mai yi wa kurma magana: kada a kusantar da fentin mota ko tina, suna cin robar.

Ya ce, "Layi ɗaya ne, Guduma. Layi ɗaya."

Ya rufe kwalin. Ya kwanta ya juya wa bango fuska.

Kwana biyar hannun yana kan cinya. Na zagaya gari, ba mai irin jirgin. Wani mai shagon kayan wasa ya ce kamfanin ma ya rufe tun kafin a haife shi. Yaya ta tare ni a tsakar gida.

Ta ce, "Kai dai ko ruwa aka ba ka ajiya sai ka ƙona shi."

"Yaya, na sani."

"Sani zai motsa masa hannu? Wata uku suka rage. Ka san yadda ka yi ka ɓata, ka san yadda za ka yi ka gyara."

A rana ta shida na shiga ɗakin na zauna a bakin gado. Na ce, "Baba, roba ban san ta ba, na yarda. Amma ƙarfe na sani. In na sami farantin alminiyam marar kauri, mai laushi, zan buga maka fiffike. In sassaƙa katako daidai da na hagu, in juya shi, in kwantar da ƙarfen a kai."

Bai juyo ba. Ya ce, "Da gudumar tirela?"

"Ina da wata ƙarama, kanta bai kai babban yatsa ba."

"Ƙarfen fa?"

Nan ne gizo yake saƙa. Na gwada gwangwanin lemo, ya yi laushi da yawa, ya yage. Na gwada na jikin mota, ya yi kauri. Na faɗa masa.

Can ya ɗaga hannun hagu ya nuna bango. A saman gadonsa akwai wani faranti mai sheƙi a jikin katako, wanda aka ba shi ranar da ya yi ritaya. An zana sunansa, da shekara talatin da biyar, da kalmar yabo. Shi ne kaɗai abin da ya fito da shi daga filin jirgin. Duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa. Ko Yaya ba ta isa ta goge shi ba, shi yake gogewa da kansa.

Ya ce, "Wannan daga ragowar fatar jirgi aka yanko shi, a gabana. Sauke."

Na ce, "Wallahi ba zan yanka ba."

"Roba na ce kar ka taɓa, ka taɓa. Ƙarfe na ce ka yanka, ka ce a'a. Kai wane irin ɗa ne?"

Yaya ta leƙo. "Baba, lambar yabonka ce fa."

"Yabon ya shekara goma sha biyar a bango, ya taɓa ɗaga mini cokali? Sauke, na ce. Amma da sharaɗi, Guduma. A gabana za ka buga. Ba ka ƙara fita da komai inda idona ba ya gani."

Na ce teburin nan ba zai ɗauki bugu ba.

Ya ce, "To, kai ni garejin."

Washegari da hantsi na sa shi a gaban mota. Na ajiye masa kujera a inuwa kusa da bencina. Ya ƙare wa wurin kallo, ya dubi wata ƙofar mota da na miƙe, ya shafa ta, ya ce, "Ina aka buga?" Na nuna masa. Ya ce, "Hm." A wurin Baba wannan huɗuba ce.

Na cire farantin daga katakon, na auna, na sa almakashin ƙarfe. Yankan farko ya ratsa tsakiyar sunansa. Na kasa dubansa. Shi kuwa cewa ya yi, "Ka karkace, bi layi."

Kwana huɗu muka yi. Fiffiken farko ya tsage a gefe, na sake yanko wani, farantin ya ƙare tas, ba ragowar kuskure. Ƙarfen yana zamewa a kan katakon, dole wani ya danne yayin da nake bugawa. Na ce zan ɗaure shi da matsi. Baba ya ce matsi zai bar tabo, ya kawo hannu biyu ya danne. Ina bugawa tif, tif, tsakanin yatsunsa, yana cewa, "Ka taɓa ni ka gani." Rana ta uku na ga yatsun dama huɗu a shimfiɗe a kan ƙarfen, babban yatsan ma yana neman hanya. Na sunkuyar da kai na ci gaba da bugu, na ce ƙura ce ta shiga mini ido.

Fentin, da buroshi muka yi, irin wanda takarda ta ce. Sai da ya sa na karanta lambobin kalar da bakina, sau biyu. Tamburan da suka tsufa muka jiƙa a ruwa, biyu suka tarwatse, Baba ya zana madadinsu da hannun dama. Da'irar ta fito kamar ƙwai. Ya ce jirgin da ya je yaƙi ba a tambayarsa kyau.

Fiffiken ƙarfe ya fi ɗan'uwansa nauyi, don haka jirgin ba ya tsayawa daidai a kan tayoyinsa, sai ya kwanta dama. Muka rataye shi da zare. Yana karkace, kamar mai shan kwana.

Da muka koma asibiti likita ya ce Baba ya matse masa yatsa. Ya matse har likitan ya ce ya isa. Ya ce, "Ashe dai ƙwallon ta yi aiki." Baba ya ce, "Sosai." Har yau tana ƙarƙashin gado.

Yanzu da kansa yake riƙe kofin shayinsa. Ranar Asabar yakan sa in kai shi gareji, ya zauna yana gaya wa masu motoci cewa ɗansa ba ya karanta takarda, su yi hankali. Har yanzu Guduma yake ce mini.

Jirgin yana rataye a ƙusar da farantin yake a da. A bayansa fentin bangon ya fi na ko'ina haske, murabba'i guda, daidai girman abin da aka sauke. In ka tsaya a ƙasa ka ɗaga kai, a cikin fiffiken dama za ka ga inuwar harufa uku da rabin lamba biyar, fenti bai gama rufe su ba. Abin da ya rage wa Baba ke nan daga shekara talatin da biyar.