Layin Hasana

Har yanzu iyaye sukan kawo mini 'ya'yansu, ni malamin makaranta da ake kira Mushe, su ce, "Mushe, dubi yaron nan, a gudu iska ne. Zai kai wani wuri?" Sai in ce ban sani ba. Suna ɗauka rowa nake yi. Akwai lokacin da nake ganin na sani, har da cika baki, kafin a tura ni wata lakwal, wato makarantar firamare, a ƙauye kusa da Tsarnawa.

Sunana Lurwanu. Malamin aji uku ne ni, amma gudu ne ciwona. Na yi tsere a Tawa ina saurayi, gwiwa ta ci amanata, abin da ya rage mini shi ne agogon auna gudu da wani littafi da nake cikawa da lokutan yara. Duk safiyar Alhamis nakan ja reshen ƙaya in share filin lakwal, in auna mita sittin da igiya, in zana layi da toka. Ƙarshen damina ne, ƙasa da sauran laima, duk ƙafar da ta taka sai ta bar hotonta.

Husna shekararta tara, siririya, ba ta da surutu. Ranar farko ta yi sakan goma sha ɗaya, gudun kowa da kowa. Da na sallami yara sai ta tsaya a bayana.

"Mushe, ja mani layi biyu."

"Don me? Ke kaɗai za ki gudu."

"Biyu dai."

Na yi tsaki, amma toka ba ta ƙare ba, na ja. Ta tsaya a layin hagu, ta ɗan dubi na dama kamar mai jiran a shirya. Na tafi ƙarshen fili na tafa hannu. Sakan tara cif. Na girgiza agogon, na ce a sake. Tara. Na goge layi ɗaya da ƙafa, ta koma goma sha ɗaya. Na mayar da shi, ta koma tara.

Mai hankali da ya tsaya ya yi tambaya. Ni kuwa murna ce ta rufe ni. A daren nan ma ban iya cin tuwo ba, ina ta lissafi: in yarinya ta yi haka a shekara tara, me za ta yi a sha takwas? Na ga Yamai, na ga tuta, na ga kaina a gefe ana nuna ni da yatsa. Na rubuta wa Habibullahi, jami'in wasanni a Ƙonni wanda muka yi makaranta tare, na ce ya zo ya ga abin da bai taɓa gani ba.

Na shiga horar da ita. Sakan takwas da ɗigo tara, takwas da ɗigo bakwai. Abu ɗaya ke ɓata mini rai: duk ta kusa ƙarshe sai ta miƙa hannun dama gaba, yatsu a buɗe. Na yi faɗa har na gaji. Wata rana na ce, "Wai me kike kamowa?"

Ta ce, "Saura taki huɗu."

Bayan mako biyu, ba tare da na tambaya ba, tana haki ta ce, "Saura biyu."

A ranar ce na fara duban ƙasa. Na saba share filin da hannuna, na san babu wanda ya taka layin dama. Amma ga sawu nan, daga farko har ƙarshe. Ƙafa ce ƙarama, ba ta kai ta Husna ba, yatsu sun nutse sosai irin na mai gudu da gaske. A kan tokar ƙarshe sawun ya yanke. Rana ta fito sarai, awaki na kiwo a bakin katanga, amma sai da tsikar jikina ta tashi. Na ce wa kaina ɗan wani ne ya ratsa ban lura ba, na sa ƙafa na goge.

Washegari wata tsohuwa ta zo lakwal tana dogara sanda. Ba ta nemi darakta ba, ni ta nema. Ta ce ita ce A'i, kakar Husna.

"Mushe, kai ka jan layi biyu?"

"Ni ne, Inna."

"Wa ya hwaɗa maka tagwai ta?"

Ni ban ma san 'yar tagwaye ce ba. Ta zauna a kan dakali ta ba ni labari. Husna da Hasana tare aka haife su. A gidansu, kamar ko'ina, ba a ba tagwaye abu ɗaya: zane biyu, ƙwarya biyu, ko alewa ce biyu. Kullum daga rijiya zuwa gida tsere suke, kullum Hasana ce gaba. Zazzaɓin damina ya ɗauke Hasana tana shekara shida. Tun daga ranar tsohuwa ta hana a sake yin komai biyu a gidan, ta fasa ƙwarya ɗaya da hannunta, don wadda ta tafi ta san ba ta da sauran rabo a nan.

"Shekara ukku ba ta zaka ba," in ji ta. "Sai da kab ba ta wuri. Ka duba, ɗana. Ƙahwar Hasana ta tsaya inda tat tsaya, ta Husna kullum ƙaruwa takai. Ran da tat taɓa ta, ban san wadda za ta jan wata ba. Kak ka ƙara ja."

Na ce to. Na rantse ma. Amma Habibullahi ya riga ya sa rana, kuma ina jin kunyar ya zo ya ga sakan goma sha ɗaya ya yi mini dariya. Wannan ce gaskiyar, babu wata. Na ce wa kaina sau ɗaya ne kawai.

Ran Alhamis ya iso a kan babur. Na share fili, na ja layi biyu. Ya tsaya a farko don ya tafa, ni ina ƙarshe da agogo. Husna ta dubi dama, ta yi murmushi. Ban taɓa ganin haƙoranta ba sai ranar.

Ya tafa. Tana tahowa ina kallon layin dama, ina ganin ƙasa na lotsawa da kanta, tak, tak, tak, gaba da ita kaɗan. A mita arba'in hannunta ya fito. A hamsin na ga yatsunta sun fara rufewa a kan iska. Ban san lokacin da na yar da agogon ba. Na faɗa cikin layinta na rungume ta, muka zube tare. Ta yi ta dukan ƙirjina tana kuka ba sauti.

Da na ɗaga kai na dubi layin dama. Sawun bai kai toka ba. Taki ɗaya daga inda muke ya tsaya, ƙafa biyu a jere, yatsu suna fuskantarmu.

Habibullahi ya ƙaraso yana dariya. "Kai, Lurwanu, haukan naka bai warke ba? To ko da ta yi takwas, sai me? Irin waɗannan na ga ɗari. Su girma, jiki ya sauya, abin da ke tura su ya tafi, shi ke nan." Na ce haka ne. Na goge layin da tafin hannuna, ban sake ja ba. Husna ba ta ƙara yi mini magana ba har aka ɗauke ni daga garin.

Bara na gan ta a kasuwar Badagishiri, ta zama mace, da goyo a baya, tana tsaye kan tarin albasa. Raina ya yi fari. Na ce a zuciyata, ga ta nan da rai, ko ba komai na yi abu ɗaya daidai. Ta gane ni, ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi iyali. Na ce, "Kina gudu har yanzu?"

"Da wa, Mushe?"

Ta gyara goyonta, ta ci gaba a hankali, ba faɗa a muryarta.

"Kun ɗauka bin ta za ni yi. Ni huskarta nika son gani. Tun da tat tahi, ƙeyarta ɗai nika gani. Rannan ta hwara juyowa, sai ka shiga tsakani." Ta sunkuya ta zaɓo albasa biyu manya ta sa mini a hannu. "Ba ta sake zakuwa ba. Yanzu ko na rufe ido, ƙeyar ma ba ni tunawa."